Hamlet Ɗan Shekara 23: Yabon da Aka Yi wa Ben Whishaw a Old Vic da Aikin da ke Ƙarƙashinsa

A watan Afrilu na 2004, gidan wasan Old Vic da ke daura da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo a Landan ya buɗe wasan Hamlet na William Shakespeare. Trevor Nunn ne ya ba da umarni, mutumin da ya shugabanci kamfanin Royal Shakespeare daga 1968 zuwa 1986, ya kuma riƙe National Theatre daga 1997 zuwa 2003. Wanda ya ɗora wa nauyin fitowa a matsayin Hamlet kuwa wani siririn saurayi ne mai suna Ben Whishaw, ɗan shekara 23, wanda bai cika shekara guda da kammala makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA ba. Da aka wayi gari bayan daren da 'yan jarida suka kalla, sunansa ya cika shafukan sharhi. Charles Spencer na jaridar Daily Telegraph ya bayyana daren a matsayin irin wanda ke shiga tarihi, wanda duk mai rabon halarta ba zai manta ba. Wasu suka fara jera sunan yaron da na manyan da suka taka wannan rawa a wannan dandamalin kafin a haife shi.

Yabon gwani ya zama dole, kuma Whishaw ya cancanci nasa. Sai dai mai son fahimtar lamarin bai kamata ya tsaya a kan zaƙin kalmomin jarida ba. Abin da masu sharhi suka gani a daren nan haɗuwar abu uku ne: shawarar darakta, halittar ɗan wasan, da kuma horon da ya ba shi damar maimaita abu mai kama da rushewar zuciya dare bayan dare ba tare da muryarsa ta rushe ba. Na farko da na biyu su aka fi yabawa. Na ukun, wanda ba ya bayyana ga ɗan kallo, shi ne ya ɗauki sauran.

Maganar shekaru

Rubutun wasan kansa bai tsayar da magana ɗaya a kan shekarun Hamlet ba. A kashi na farko an nuna shi ɗalibi ne a jami'ar Wittenberg, ya dawo gida Denmak saboda rasuwar mahaifinsa, yana son komawa karatu, uwarsa da ƙanen mahaifinsa da ya aure ta suna lallashinsa ya zauna. Wannan hoton matashi ne. Amma a kashi na biyar, mai haƙa kabari ya ce ya kama aikinsa ranar da aka haifi Hamlet, kuma ya shekara talatin yana yi, ya ƙara da cewa ƙoƙon kan Yorick, wawan sarki da ya yi wa Hamlet wasa yana yaro, ya shekara ashirin da uku a ƙasa. A bugun farko na 1603 babu zancen shekara talatin, kuma shekarun ƙoƙon kan goma sha biyu ne kawai. Wato tun daga tushe akwai ƙofa biyu, kuma duk daraktan da ya zaɓi Hamlet matashi sai ya san yadda zai yi da kalaman mai haƙa kabarin, ko ya yanke su ko ya sauya lissafin.

Al'adar gidajen wasa ta fi karkata ga ƙofar talatin, saboda dalili na sana'a, ba na rubutu ba: kafin ɗan wasa ya mallaki numfashi da ƙwarewar da rawar ke buƙata, yawanci ya haura talatin. Simon Russell Beale yana dab da arba'in lokacin da ya yi nasa a National Theatre a 2000. Amma ba Nunn ne ya fara buɗe ɗaya ƙofar ba. John Gielgud bai wuce shekara 26 ba lokacin da ya yi Hamlet a wannan Old Vic ɗin a 1930. David Warner yana da 24 a 1965 lokacin da Peter Hall ya fito da shi a matsayin ɗalibi mai dogon jan mayafi a wuya, matasan wancan zamani suka ga kansu a jikinsa. Nunn ma ya taɓa shirya wasan a 1970 da Alan Howard. Abin da ya bambanta aikin 2004 shi ne yadda ya bi shawarar har ƙarshenta. Idan Hamlet yaro ne, dole duk gidan ya sauko. Ya ba Samantha Whittaker, matashiya ƙwarai, matsayin Ophelia, budurwar Hamlet, ta fito kamar 'yar makaranta. Rory Kinnear, wanda shi ma bai kai talatin ba, ya zama Laertes, ɗan'uwan Ophelia. Imogen Stubbs ta fito a uwar Hamlet tana da shekara arba'in da 'yan kai, mace da ƙuruciyarta ba ta ƙare ba, ta yadda ɗan kallo zai gane dalilin da ya sa Claudius, ƙanen mahaifin Hamlet da ya hau sarauta, ke sonta, ya kuma gane dalilin da ya sa ɗanta ke jin kunya da ƙyamar sabon auren. Aka sa musu tufafin zamani.

Wannan shawara ta warware wa ɗan wasan wata tsohuwar matsala kyauta. Tambayar da ta daɗe tana damun manazarta ita ce me ya hana Hamlet kashe Claudius tun da fatalwar mahaifinsa ta gaya masa a kashi na farko cewa Claudius ne ya kashe mahaifin. Idan namiji ɗan shekara talatin da biyar mai faɗin ƙirji ne a tsaye, sai an nemo wa jinkirin hujja ta falsafa. Idan kuwa yaro ne da ko kaza bai taɓa yankawa ba, aka ce masa ya je ya kashe sarki, ba a buƙatar bayani. Ido na gani, zuciya ta yarda.

Abin da 'yan kallo suka gani

Whishaw ya fito da baƙaƙen kaya da hular ulu, jiki kamar a hure shi ya faɗi, ga murya marar kauri mai ɗan rawa. Ya yi kuka na gaske, har da majina, ba kukan ado da ake goge gefen ido da yatsa ba. A sanannen zancen nan da Hamlet ke auna rayuwa da mutuwa, ya zauna da kwalbar ƙwayoyin magani, don haka maganar ta tashi daga tunanin masana ta koma abin da wani yaro ke shirin aikatawa yanzu-yanzu. Masu sharhi da yawa sun tsaya a kan wannan: kalmomin da kowa ya haddace tun a makaranta sun fito kamar ba a taɓa faɗarsu ba.

A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Mutane na ɗauka cewa irin wannan wasa baiwa ce tsagwaronta, yaro ya hau dandamali ya zubar da abin da ke ransa. Jaridu ma sun fi son labarin wanda ya faɗo daga sama. Amma Whishaw bai faɗo daga sama ba. Tun yana ɗan makaranta yake wasa da wata ƙungiyar matasa a garin Hitchin, har suka kai wasa bikin Edinbara a 1995 yana ɗan shekara 14. Ya yi finafinai kafin ya shiga RADA, kuma a 2001 ya karɓi kyautar sabon ɗan wasa mafi alamar tasowa a bikin finafinai masu zaman kansu na Birtaniya. Ya yi shekara uku a RADA, ya fita a 2003, ya sami ƙaramin matsayi a National Theatre kafin Nunn ya ɗauke shi. Kusan shekara goma ke nan yana tsayawa gaban jama'a.

Nauyin rawar a lissafe

Hamlet shi ne mafi tsawo a wasannin Shakespeare: ɗango kusan dubu huɗu, kalmomi wajen dubu talatin. Daga ciki, kimanin ɗango dubu ɗaya da ɗari biyar na bakin Hamlet ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan ba a yanke komai ba, wasan kan haura awa huɗu, kamar yadda Laurence Olivier ya yi shi cikakke a Old Vic a 1937. Yawancin daraktoci kan rage shi, amma ragin ya fi faɗawa kan ƙananan matsayi, don ba wanda ke son taɓa zantukan kaɗaici guda bakwai da aka saba ƙirgawa, inda Hamlet ke tsayawa shi kaɗai yana fito da zancen zucinsa. Hutun kirki ɗaya ne rubutun ya ba shi, a kashi na huɗu bayan an tura shi Ingila, lokacin da haukan Ophelia da dawowar Laertes ke riƙe dandamalin. Daga nan sai maƙabarta, sai faɗan takobi. Wato mafi tsananin aikin jiki yana zuwa ne bayan awa uku na magana.

Mafi yawan maganar waƙa ce marar amsa-amo, mai kari ɗaya: gaɓa goma a kowane ɗango, mai nauyi na bin mai sauƙi sau biyar. Ɗan wasan da bai ƙware ba kan faɗa ɗayan ramuka biyu. Ko dai ya bi karin tamkar mai rera waƙa, ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowane ɗango, ma'ana ta ɓace cikin kiɗa. Ko kuma ya yi watsi da karin don ya yi kama da mai hira, ya datse jimla gunduwa-gunduwa, yana dogon shiru a tsakiya don nuna yana tunani. Na biyun shi ne ciwon matasa, musamman waɗanda suka fara da kyamara. Illarsa biyu ce: tunanin Shakespeare kan miƙe har ɗango biyar ko shida kafin ya sauka, idan aka datse shi ɗan kallo ya manta farkon jimla kafin a kai ƙarshe, sannan kowane shiru na daƙiƙa biyu, idan aka tara shi sau ɗaruruwa, sai ya ƙara wa dare mintuna masu yawa. Abin da malaman murya ke koyarwa shi ne a yi tunanin a kan kalmar, ba kafin kalmar ba, a kuma sa alamar wurin shaƙar numfashi a takarda tun a makon farko na rihazal, a haddace ta tare da kalmomin. Wanda ya shaƙi iska a inda bai dace ba zai ƙare ɗango da ragowar numfashi, kalmar ƙarshe ta mutu a bakinsa, ita kuwa sau da yawa ita ce mai ɗauke da ma'ana.

Ga kuma girman ɗakin. Old Vic, wanda aka buɗe tun 1818, yana ɗaukar mutum wajen dubu ɗaya a hawa uku. Dole wanda ke kujerar ƙarshe a benen sama ya ji raɗa kamar yadda na layin gaba ya ji. Ba ƙarfin ihu ke kai murya can ba. Iska ce da ake turowa daga ƙasan haƙarƙari da tsokar ciki, maƙogwaro a sake, sannan baƙaƙe su fita tsaf, musamman na ƙarshen kalma. Mai siririyar murya irin ta Whishaw yana da riba ɗaya, muryarsa na ratsa ɗaki, amma ba shi da kaurin da zai ɓoye kuskure a ciki. Da ya matse wuya don neman ƙarfi, cikin 'yan kwanaki muryar za ta dishe.

Kuka shi ne babban gwaji, kuma a kansa ne ya kamata a fi jinjina masa. Kukan gaske abokin gābar magana ne. Yana ɗaga maƙoshi sama, ya matse shi, ya toshe hanci, ya mayar da numfashi gajere mai sheshsheƙa, leɓɓa su yi rawa, baƙaƙe su narke. Duk abin da horon murya ya gina, kuka na rushe shi cikin daƙiƙa. Ɗan wasan da ya bari kuka ya ci ƙarfinsa zai ji daɗin kansa, ya ɗauka ya yi abin kirki, alhali 'yan kallo sun ga hawaye ba su ji ko kalma ba. Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su bar ido da fuska su yi abin da za su yi, amma su riƙe numfashi a ƙasa, su haɗiye tsakanin jimla da jimla ba a tsakiyarta ba, su ƙara wa harshe da leɓe aiki daidai lokacin da jiki ke son sakewa. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan: mutumin da ke ƙoƙarin danne kuka don ya gama maganarsa ya fi taɓa zuciya a kan wanda ya sake shi gaba ɗaya. Faɗan da ake yi da hawayen shi ne abin kallo. Cewa masu sharhi sun fita suna maganar majinar Whishaw, kuma suna maganar yadda tsofaffin kalmomi suka zama sababbi a kunnensu, shaida ce cewa ya riƙe duka biyun.

Sau takwas a mako

Tsarin manyan gidajen wasa na Landan wasa takwas ne a mako: dare shida da rana biyu. Ranar da ake wasa biyu, mai rawar Hamlet zai shafe wajen awa shida zuwa bakwai yana wasa, ya mutu sau biyu. Kafin kowane wasa akwai motsa jiki da buɗe murya, akwai maimaita faɗan takobi a hankali tare da abokin faɗa, wanda ba a tsallakewa ko da an yi wasan sau ɗari, domin gajiya da sabo su ke sa takobi ya sami ido. Minti talatin da biyar kafin a ɗaga labule dole kowa ya kasance a ɗakin shirinsa.

Nunn bai ɗora wa yaron duka takwas ɗin ba. Ya ɗauki wani matashin, Al Weaver, suka yi karɓa-karɓa, Weaver na yin wasu daga cikin wasannin mako. Wannan ya bambanta da ɗan ko-ta-kwana, wanda ke haddace rawa ya zauna jiran ranar da mai ita zai kwanta ciwo. Shi abokin karɓa-karɓa yana da ranakunsa a rubuce. Shawara ce ta hankali, kuma tana cikin abubuwan da suka sa yabon ya ɗore har ƙarshen zangon wasan. Gidajen wasan Landan sun san abin da wannan rawa ke iya yi wa mutum. A 1989, Daniel Day-Lewis ya fice daga dandamalin National Theatre ana tsakiyar fitowar fatalwa, bai kuma koma ba. Shi kuwa ya girmi Whishaw na 2004 da kusan shekara goma. Wanda ya gina wasansa a kan buɗe raunin zuciya yana buƙatar kwanakin da raunin zai huta.

Akwai wani gefen lamarin da bai kamata a tsallake ba. 'Yan jarida dare ɗaya suke zuwa, kuma a daren nan Whishaw ne a dandamali. Weaver ya yi rihazal iri ɗaya, ya haddace ɗango iri ɗaya, ya yi wasa a gaban cikakken ɗaki, amma guguwar yabon ba ta biyo ta kansa ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake, amma yana nuna yadda sunan matashi ke rataye a kan awa uku da rabi na dare guda.

Yadda ake haifar yabo, da yadda yake ɓata wasa

Kafin daren 'yan jarida, wasa kan bi matakai sanannu. Makonni huɗu zuwa shida a ɗakin rihazal, sai 'yan kwanaki a kan ainihin dandamali ana daidaita fitilu da sauti da shige da fice, sai gwaji da cikakkun tufafi, sai wasannin ɗanɗano da ake sayar da tikitinsu da ɗan rangwame, darakta na zaune a baya yana rubuta gyara. Sannan a gayyato masu sharhi gaba ɗaya. Da yawansu a daren suke rubutu ko da sassafe, kalmomi 'yan ɗaruruwa, wasu jaridun da taurari ɗaya zuwa biyar a sama. Mai rubutu cikin irin wannan gaggawa yana neman abu ɗaya da zai rataya sharhinsa a kai, kuma ba abin da ya kai sabuwar fuska daɗin ratayawa. Mai sharhin da ya kalli Hamlet sau talatin yana ƙishin abin da zai ba shi mamaki. Wannan bai rage gaskiyar yabon ba, amma yana bayyana zafinsa. Kashegari masu tallan gidan wasa su tsinci jimla mafi zaƙi su manna a ƙofa.

Daga nan ne haɗarin ke farawa. Idan jarida ta ce kukan da ya yi a wuri kaza ya girgiza ɗaki, ɗan wasan da ya karanta zai iso wurin washegari yana sane da shi. Abin da ya zo da kansa jiya, yau sai ya nemo shi. Ya ƙara masa tsawo kaɗan, ya jira hawayen, idan ba su zo ba ya matso su. Cikin mako biyu wurin da aka yaba ya zama mafi muni a wasan, domin ya daina yin abin da Hamlet ke yi ya koma kwaikwayon abin da aka rubuta a kansa. 'Yan kallo ma sun sauya: na makon farko sun zo ganin Hamlet, na mako na huɗu sun zo ganin yaron da aka ce ya yi abin mamaki, sun harɗe hannu suna jira a burge su. Shi ya sa 'yan wasa da yawa ba sa karanta sharhi sai an rufe wasa, shi ya sa kuma manajan dandamali ke rubuta tsawon kowane kashi a rahoton kowane dare. Idan kashi na farko ya ƙaru da minti huɗu ba tare da an ƙara kalma ba, an san wani ya fara jin daɗin shirunsa, sai mataimakin darakta ya zo da takardar gyara. Maganin da ya fi aiki shi ne a mayar da hankalin ɗan wasan kan abin da yake nema daga abokin wasansa a kowace fitowa, ya sa uwarsa ta ji kunya, ya gano ko Ophelia na yi masa ƙarya, maimakon abin da yake son ya ji a ransa. Nema ana iya maimaita shi sau ɗari. Ji ba ya zuwa da umarni.

Abin da aka biya

Kowace fassara ta Hamlet tana sayen wani abu da wani abu. Hamlet ba maraya mai kuka ba ne kawai. Yarima ne da jama'ar ƙasa ke so, har Claudius na tsoron taɓa shi a fili saboda haka. Ophelia ta kwatanta shi da bafade, soja, kuma malami. Ya soke Polonius, mahaifin Ophelia, ta bayan labule, ya ja gawar yana ba'a. Ya sauya wasiƙa ya tura abokan karatunsa biyu ga mutuwa, ya ce abin bai dame shi ba. A ƙarshe Fortinbras, yariman Norway, ya sa a ɗauki gawarsa da girmamawar soja. Idan aka gina rawar a kan rauni da ƙuruciya, rabin farko na wasan kan yi haske sosai, amma rabi na biyu na neman mutumin da ake jin tsoro, wanda ya dawo daga teku ya sauya, ya daina tambaya ya miƙa wuya ga abin da aka ƙaddara. Wannan natsuwar ta kashi na biyar ita ce mafi wuyar samu ga ɗan shekara 23, don ba dabara ba ce, abu ne da shekaru ke kawowa. Mai adalci zai ce Hamlet na 2004 ya fi ƙarfi a inda aka fi buƙatar ɗa, ya fi rauni a inda ake buƙatar magajin sarauta. Rory Kinnear, Laertes na wannan wasan, ya jira har 2010 kafin ya yi nasa Hamlet ɗin a National Theatre ƙarƙashin Nicholas Hytner yana da shekara 32, ya fito da mutum mai kaifin tunani da ke zaune a ƙasar da ake leƙen asirin kowa, ya kuma ci kyautar gwarzon ɗan wasa ta jaridar Evening Standard. Rawa ɗaya, mutum biyu daga dandamali ɗaya, kowanne ya sami abin da ɗayan ya bari.

Bayan an rufe labule

Sunan Whishaw ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Olivier ta gwarzon ɗan wasa a 2005, tare da Michael Gambon da Jonathan Pryce da Richard Griffiths, mutanen da kowannensu ya haife shi. Griffiths ne ya ɗauka. Ya kuma shiga jerin kyautar Ian Charleson, wadda ake ba 'yan ƙasa da shekara talatin da suka yi fice a tsofaffin wasanni, mai ɗauke da sunan ɗan wasan da ya karɓi Hamlet bayan ficewar Day-Lewis ya kuma rasu a farkon 1990. Nonso Anozie ne ya zo na ɗaya a wannan zagayen saboda Othello ɗinsa.

Yabon da aka yi wa ƙuruciya yana da wa'adi, domin abin da aka yaba ɗin kullum raguwa yake. Tarkon da ke jiran matashi a wannan gaɓa sananne ne: kowa zai kawo masa irin rawar da aka yabe shi a kanta, yaro mai rauni da manyan idanu, ya yi ta maimaitawa har ranar da fuskar ta daina dacewa. Zaɓin da Whishaw ya yi bayan Old Vic shi ne ya fi nuna irin ɗan wasan da yake. A 2005 ya koma ƙaramin ɗaki, Menier Chocolate Factory, mai kujeru ƙasa da ɗari biyu, a wani sabon wasa na Philip Ridley mai tsananin tashin hankali wanda masu sharhi da dama suka yi tir da shi. A 2006 ya yi Konstantin a wasan Chekhov a National Theatre ƙarƙashin Katie Mitchell, darakta mai tsauraran ƙa'idoji wadda ba ta barin kowa ya yi wasan tauraro, aikin da shi ma ya raba kan masu sharhi. A shekarar ce kuma ya fito a matsayin jarumin wani babban fim na darakta Tom Tykwer. Fim da talabijin sun ɗauke shi sosai daga baya, amma bai bar daɓe ba: Royal Court a 2009 tare da Andrew Scott, wasa da Judi Dench a 2013, Almeida a 2015, sannan Broadway a birnin New York a 2016, inda darakta Ivo van Hove ya ba shi rawar John Proctor a wasan The Crucible, manomi magidanci da aka saba ba ƙarti masu faɗin kafaɗa. A 2018 ya yi Brutus a wasan Julius Caesar a gidan wasan Bridge, a 2024 kuma ya tsaya tare da Lucian Msamati a Theatre Royal Haymarket a wasan Samuel Beckett, yana da shekara arba'in da 'yan kai, shekara ashirin cif bayan daren Old Vic.